Tsutsar cikin silivi: daga ina ta fito, kuma laifin wa?

Daga wakilinmu a Kwatano

A wani yammacin Laraba, saura kaɗan a kira magariba, na ji uwargida ta ƙwala mini kira daga madafi da irin muryar da ake kiran mutum in an ga maciji a ɗaka. Na tarar da ita tsaye da wuƙa a hannu, ta ja da baya daga kwanon kifi. Silivi huɗu ta sayo a kasuwar Cadjèhoun, ta gyara na farko lafiya lau, tana farke cikin na biyu sai ga wani abu fari siriri manne a jikin hanta, ya nannaɗe kamar ɗan ƙaramin gammo. Da ta sa bakin wuƙa ta warware shi, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa guda ba. Ko motsi ba ya yi.

"Malam, ka gani da idonka ko? Ashe maganar mutane gaskiya ce. Ni kam na bar sayen kifin matar nan."

Matar da take nufi 'yar unguwarmu ce, ta daɗe tana wannan sana'a, kuma da ita take ciyar da 'ya'yanta. Na kuma san ba a gidana kaɗai ake yanke irin wannan hukunci ba. Duk bayan 'yan watanni sai wani hoton bidiyo ya zagaya wayoyin jama'a ta WhatsApp, a nuna tsutsa cikin kifi, a ce kifin ƙanƙara guba ne, ko a ce Turawa ne ke turo mana abin da suka ƙi ci. Sai ciniki ya tsaya kwana biyu, mai talla ta koma gida da hajar da ba ta jiran gobe, ga kuɗin kwalin da ta ɗauko bashi a wuyanta. Wannan ne ya sa na ga ya dace a bi sawun tsutsar nan har inda ta fito, domin mu san abin da ya cancanci tsoro da wanda bai cancanta ba.

Da farko dai, Bahaushe ba ɗan teku ba ne. Kakanninmu fatake da suka riƙa bin hanyar goro ta Nikki da Djougou zuwa Gwanja, da waɗanda suka gangaro daga baya suka kafa zango a bakin teku, kifin kogi suka sani: tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da gaiwa, irin wanda Sarkawa ke kamawa, irin wanda ake gasar kamunsa a Argungu. Shi ya sa ko sunayen kifin teku aro muka yi. Wanda muke kira silivi a nan, shi ne chinchard a Faransanci, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma kote suke ce masa. Salomon shi ne maquereau, wato titus ɗin Kano da Legas. Akwai kuma merlu, wanda Yarabawa ke kira panla.

Gaɓar tekun Benin ba ta wuce kimanin kilomita 125 ba, kuma abin da masuntanmu ke kamowa a teku da tafkin Nokoué da koguna ba ya isar jama'a. Fiye da rabin kifin da ake ci a ƙasar nan daga waje yake shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda ke nan kusa da Zango. Wani daga Muritaniya da Maroko, wani daga Namibiya da Angola, wani kuma daga tekunan arewacin Turai. Ana daskarar da shi tun a cikin jirgin kamun ko da zarar an sauke shi a gaɓa, a shirya shi cikin kwalaye masu kilo 20 ko 30, ya yi makonni ko watanni a daskare kafin ya iso hannun mai talla. A riƙe wannan magana ta daskarewa, za mu dawo kanta.

Doguwar tafiyar 'yar tsutsa

Abin da uwargida ta gani, masana suna kiransa Anisakis, sunan da wani masani Bafaranshe mai suna Félix Dujardin ya raɗa wa danginta tun 1845. Ci-ma-zaune ce, kamar kaska a jikin saniya ko kauci a kan itace, wato halittar da ba ta iya rayuwa sai a jikin wata. Sai dai gidanta na ainihi ba kifi ba ne. Gidanta shi ne cikin manyan dabbobin teku masu shayar da 'ya'yansu nono, kamar yadda ayu ke yi a kogunanmu, musamman ƙaton nan da Faransawa ke kira baleine, da kuma dolfin. A tumbinsu take girma ta yi ƙwai, ƙwan ya fita tare da kashin dabbar ya ƙyanƙyashe cikin ruwa. Wasu ƙananan jatan lande, waɗanda suke yawo miliyan kan miliyan a teku, su haɗiye 'ya'yan. Silivi da salomon da merlu su kuma su cinye jatan landen. To a nan ne 'yar tsutsar ke huda hanjin kifin, ta nemi wuri a jikin hanta ko ƙwai ko bangon ciki, ta nannaɗe ta kwanta tana jira. In babban kifi ya cinye ƙarami, ta ƙaura zuwa cikin babban, shi ya sa tsohon kifi mai cin 'yan'uwansa yakan fi tara ta. Haka za ta yi ta jira har ranar da baleine ko dolfin zai haɗiye kifin, sannan ta isa gida.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan dabbobi na ƙasashen nesa ne kawai. Tsakanin watan Agusta da Nuwamba akan ga wani jinsin baleine mai doro yana zuwa ruwan Benin da Togo da 'ya'yansa.

Ke nan tsutsar tana cikin kifin tun yana iyo a teku. Ba ƙazantar tebur ba ce, ba ƙuda ne ya yi ta ba, kuma ba ta da dangantaka da tsutsar da ke fitowa a ruɓaɓɓen nama. Kifin da aka kamo yau da asuba, idonsa garau, yana iya ɗauke da ita, mai yiwuwa ma da ranta. Babu ƙasar da kifin tekunta ya tsira daga wannan. A masana'antun gyaran kifi na Norway da Iceland da Kanada, akan shimfiɗa tsokar kifi a kan gilashi mai fitila a ƙarƙashi, ma'aikata su riƙa cire tsutsa ɗaya-ɗaya da ɗan matsefi kafin a kai kasuwa. Har ma wani bincike da masanan Jami'ar Washington ta Amurka suka fitar a 2020, bayan sun tattara rahotannin shekaru masu yawa, ya nuna cewa yawan Anisakis a kifin teku ya ninka sau 283 tsakanin 1978 da 2015. Ɗaya daga cikin dalilan da suke zato shi ne ƙaruwar baleine da danginsa bayan an kafa dokokin hana farautarsu. Masu gida sun yawaita, 'yan haya ma sun yawaita.

Can ƙasa, inda rana ba ta kaiwa

Silivi da salomon ba su cika yin nisa da saman ruwa ba. Amma merlu yakan fito daga zurfi sosai. Wani jinsinsa da ake kamawa a Namibiya da Afirka ta Kudu yana zaune ne daga mita 200 zuwa fiye da mita 800 a ƙasa. In mutum ya bar bakin tekun Fidjrossè ya nufi kudu, kafin ya yi kilomita 30 ƙasan teku zai fara gangarewa kamar bakin rijiya. Daga mita 200 haske ya fara ƙarewa, a mita 1,000 kuwa dare ne na har abada, ga sanyi kamar cikin firijo, ga nauyin ruwa da ke ƙaruwa a kowace mita 10 da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Duk da haka akwai kifi a can. A 2022 an ɗauki hoton wani ɗan kifi yana iyo a zurfin mita 8,336 a kudancin Japan. Kuma kusan duk inda aka samu kifi, an samu mai cin jikinsa.

Masu bincike sun lura cewa kifayen da ke shawagi a tsakiyar duhun, nesa da sama kuma nesa da ƙasa, ba su cika ɗaukar ci-ma-zaune iri-iri ba, saboda halittu sun yi ƙaranci a wurin, da wuya wani ya gamu da wani. Amma da zarar an kusanci taɓon ƙasan teku, inda ƙananan ƙwari da tsutsotsi ke taruwa, sai lissafin ya sake hawa.

Wasu daga cikinsu, in ba don an gan su an ɗauki hotonsu ba, sai a ce tatsuniya ce. Akwai wani kifin shak na tekun Greenland mai sanyi, wanda ke nutsawa fiye da mita 2,000, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna yana iya kaiwa aƙalla shekara 272 a duniya. Da yawansu suna yawo ne da wani ɗan ƙwaro mai suna Ommatokoita, dangin jatan lande, maƙale a ƙwayar idonsu yana reto kamar ɗan kunne, yana cin fatar idon har ganin kifin ya dushe. Shak ɗin dai bai damu sosai ba, don a wannan duhu da hanci ake farauta. Akwai kuma Anelasma, wadda ke kafa kanta a jikin wani ƙaramin shak mai walƙiya a zurfafan mashigun ruwa na Norway, ta zura wasu jijiyoyi kamar saiwa cikin tsokarsa tana tsotsa, har ta hana kayan haihuwarsa girma. Duk manomin da ya taɓa fama da ƙuduji a gonar dawa ya san irin wannan ta'asa.

Wasu kuwa kai tsaye suke taɓa aljihun 'yan kasuwa. Jan kifin da ake kamawa a zurfin ruwan da ke tsakanin Iceland da Greenland yana fama da wani ƙwaro mai suna Sphyrion, wanda ke binne kansa cikin tsoka ya bar gangar jikinsa a waje. In ya mutu sai ya bar baƙin tabo da ke karya farashin kifin. Wani kuma, Sarcotaces, yakan zauna cikin wani ƙullutu a tsokar kifi, cike da baƙin ruwa kamar tawada, wanda jinin da ya sha ne ya koma haka. Wuƙa na taɓa shi, naman ya ɓaci.

Wanda ya fi yawo a wayoyin jama'a shi ne mai cin harshe, Cymothoa, ko da yake shi ba na zurfi can ba ne. Yakan shiga ta gefen kan kifi, wajen da yake numfashi, macen ta maƙale a harshe tana shan jini har harshen ya ƙanƙance ya faɗi, sai ta zauna a gurbinsa, kifin ya ci gaba da cin abinci da ita a baki. A tekun Meziko aka fi saninsa, amma danginsa suna nan a tekuna da yawa, har da na Afirka ta Yamma. Wadda ta buɗe bakin kifi ta ga wani farin ƙwaro mai ƙafafu yana leƙenta, ta cire shi ta yar, ba ya cutar da mutum. Ba zan wuce wannan wuri ba sai na ambaci wani kifi na can cikin duhu mai fitila a goshi, wanda a wasu jinsunansa namijin ɗan mitsitsi ne: in ya samu mace sai ya cije ta, bakinsa ya haɗe da jikinta, jininsu ya zama ɗaya, daga nan ita ke ci masa har mutuwa. Da na ba uwargida wannan labari, cewa ta yi ba sai an je ƙasan teku ba.

Su ma waɗannan ƙwari suna da ranarsu. Da yake kowane yankin teku da irin nasa, masana kan duba ci-ma-zaunen da ke jikin kifi su gane ruwan da ya taso, kamar yadda tsofaffinmu ke duban tsagen fuska su faɗi garin mutum. Da haka ake bambanta garken silivi na wannan teku da na wancan, a san yawan da ya kamata a kama a kowanne.

In mutum ya ci fa?

Mu dawo madafi. Tambayar da ta fi damun kowace uwargida ita ce, me zai faru in tsutsar ta shiga cikin mutum? Amsar ta danganta da abu guda: da rai ta shiga ko a mace?

Matacciya dai nama ce kawai, ciki zai narkar da ita tare da kifin. Mai rai ita ce matsala. Cikin mutum ba gidanta ba ne, ba ta girma a ciki, ba ta ƙwai, ba kamar tsila ko macijin ciki ba, kuma wani ba ya ɗauka daga wani. Amma kafin ta mutu, cikin 'yan kwanaki ko makonni, takan yi ƙoƙarin huda bangon tumbi ko hanji kamar yadda ta saba yi wa kifi. Sai mutum ya ji matsanancin ciwon ciki da tashin zuciya da amai 'yan sa'o'i bayan cin kifin. In a hanji ta tsaya, ciwon yakan zo bayan kwana ɗaya ko fiye, har a yi zaton gyambon ciki ne ko ciwon da ke bukatar fiɗa. Likitoci kan zura bututu mai kyamara ta baki su cafko ta, ciwon ya lafa nan take.

A ƙasar Holand aka fara gane wannan cuta. A 1960 wani masani mai suna Van Thiel, na Leiden, ya bayyana tsutsar da aka ciro daga hanjin wani majinyaci, aka kuma gano cewa daga ɗanyen kifin hareng take, wanda mutanen ƙasar ke ci da ɗan gishiri kawai. A 1968 hukuma ta wajabta daskarar da irin wannan kifi kafin a sayar, cutar kuwa ta kusa ɓacewa. A yau Japan ce kan gaba, saboda al'adarsu ta cin ɗanyen kifi. Wani ƙiyasi da aka buga a 2022 ya kai kusan mutum 20,000 a shekara. A Turai kuwa Sifen ce, inda ake jiƙa ƙananan kifi cikin ruwan tsami na vinaigre a ci ba dafuwa, har sai da gwamnatinsu ta yi doka a 2006 ta tilasta wa gidajen abinci daskarar da duk kifin da za a ci ɗanye.

Abu biyu ne ke kashe ta tabbas, wuta da sanyi mai tsanani. In zafi ya kai digiri 60 har tsakiyar tsoka na minti guda, ta mutu. Dokar Tarayyar Turai kuma ta ce a daskarar da kifi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, hukumar abinci ta Amurka ta ce kwana 7. Gishiri kaɗan, lemon tsami, vinaigre, barkono komai zafinsa, duk ba sa yi mata komai.

To, a auna wannan da kifin da muke saye. Silivin kwali ya yi makonni a daskare kamar dutse kafin ya sauka Kwatano, saboda haka tsutsar da ke cikinsa ta daɗe da mutuwa, shi ya sa ta uwargida ba ta motsa ba. Bayan haka kuma mu mutane ne masu soya kifi har ya yi ƙaras-ƙaras, ko mu dafa shi a miya ya yi ta tafasa, ko a yi bandarsa a kan garwashi. Bandar da matan Kwatano ke yi a kan rabin ganga, ko a murhun nan na Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana a 1969, banda ce mai zafi da ke dafa kifin, ba irin ta Turawa ba da hayaƙi mai sanyi kawai ke ratsa shi. Haka ma garba, abincin nan na aceke da soyayyen kifin thon da 'yan Nijar suka yi suna da shi a Abidjan: kifin ya sha ƙanƙara a jirgi, ya kuma sha tafasasshen mai. Wato dai kifin ƙanƙarar da ake yi wa ƙazafi, ta wannan fuska ya fi sabon kamu aminci.

Inda ya kamata a kula shi ne sabon kifin teku, irin wanda ake saye a tashar masunta ko a bakin ruwa. A farke shi a cire kayan ciki da wuri, domin in kifi ya mutu aka bar shi cikin zafi, tsutsar takan bar hanji ta shige tsokar ciki. Kada a jefa kayan cikin ɗanye ga kyanwa ko kare. In gashi ne, a tsaga babban kifi yadda wuta za ta kai ƙashi. Baya ya ƙone ciki da jini-jini ba gashi ba ne. Samarinmu kuma da suka fara sha'awar ɗanyen kifi irin na Japan a manyan gidajen abinci, ba laifi ba ne su tambaya ko an daskarar da shi tukuna. Ɗan akwatin ƙanƙara na ƙaramin firijon gida ba ya kai sanyin da ake bukata, balle ga ɗauke wuta. Kifin kogi da na tafki shi ma ba a bar shi a baya ba, tarwaɗa takan ɗauki wasu dangin wannan tsutsa waɗanda tsuntsayen ruwa ke yaɗawa, kuma maganin dai ɗaya ne, wuta.

Akwai togaciya guda. Tun tsakiyar shekarun 1990 likitocin Sifen suka gano cewa wasu mutane ƙalilan jikinsu ba ya shiri da wannan tsutsa ko da matacciya ce, sai su yi borin jini ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi. Wanda ya lura haka na samunsa bayan cin kifin teku, ya je asibiti, kada ya tsaya shan jiƙo.

Kifin da ke narkewa a tukunya

Wani ƙorafin da mata ke yawan yi shi ne na merlu ko salomon da ba ya wari, ba ya nuna alamar komai, amma ana sa shi a wuta sai ya dagargaje ya zama kamar kunu. Sau da yawa wannan ma aikin ci-ma-zaune ne, wani mai suna Kudoa wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani masani mai suna Gilchrist ne ya fara bayyana shi a 1924 a kifin Afirka ta Kudu. Yana zaune cikin zaren tsoka, kifin na yawonsa lafiya. Amma kwana ɗaya ko biyu bayan an kama shi, sai ƙwayar ta saki wani sinadari da ke narkar da naman. Jinsin da ke cikin merlu da salomon ba a san shi da cutar da mutum ba, asarar kuɗi ce kawai da ɓacin rai. Mai talla ba ta da hanyar ganewa, shi ma dillalin da ya sayar mata kwalin a rufe ya saye shi.

Abin da ya fi tsutsa haɗari

A ganina mun sa ido a inda ba nan ɓarawon yake ba. Haɗarin kifin kwali yana farawa ne daga ranar da ya fita daga ɗakin sanyi. A ɗora shi bayan zemijan cikin rana, ya wuni a tebur yana zubar da ruwa, wanda bai ƙare ba a mayar da shi firijo da dare, a ɗauke wuta, da safe a sake fito da shi. Wanda za a kai arewa kuma, Parakou ko Kandi ko Malanville, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ce, kuma ba kowace mota ke da injin sanyi mai aiki ba.

Salomon da thon da sardine suna da wani hali: in suka yi ɗumi bayan mutuwa, ƙwayoyin cuta kan juya wani sinadari na tsokarsu ya koma guba mai suna histamine. Wannan guba ba ta jin suya, ba ta jin banda, ba ta jin sake daskarewa. Cikin 'yan mintoci zuwa awa guda sai fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya yi ƙaiƙayi, wani har da gudawa. Wani lokaci akan ji kifin na yaji-yaji a harshe ba tare da an sa barkono ba. Mutane da yawa da ke cewa salomon ba ya karɓarsu, mai yiwuwa wannan ne ya taɓa samunsu. Tsutsa ana ganinta a cire, wannan kuwa ba ya ganuwa. Alamun da za a duba su ne kifin da cikinsa ya fashe ko ya yi laushi, wanda in an danna da yatsa gurbin ba ya tasowa, mai yauƙi ko warin tsami, da kwalin da jini ya jiƙa ya sake daskarewa, don wannan shaida ce ta cewa ya taɓa narkewa a hanya.

Ƙasar nan ta san darajar dubawa. A watan Yulin 2003 Benin da kanta ta dakatar da fitar da jatan lande zuwa Turai, bayan masu binciken Tarayyar Turai sun ga giɓi a tsarin kula da tsabta, kuma sai a 2005 aka sake buɗe hanyar, bayan masunta da mata masu sana'ar sun sha wahala. Yanzu muna da hukumar kula da lafiyar abinci ta ABSSA da sashen gwamnati mai kula da kamun kifi. Fatanmu shi ne irin kulawar da ake yi wa abin da Bature zai ci, a yi wa abin da za a ci a Zango, musamman tsakanin ɗakin sanyi da teburin mai talla. Sabbin kasuwanni irin ta Cadjèhoun da aka buɗe a 2024 sun kawo rufi da tsabta, saura ƙanƙara mai araha da wutar da ba ta yankewa.

Washegari na raka uwargida wajen mai kifin. Da na fara yi mata bayani sai ta yi dariya ta ce, "Malam, ai ni na girme ka a wannan karatu." Ta ce tun tana yarinya a gaban mahaifiyarta take ganin abin, da bakin wuƙa ake kankare shi tare da baƙin da ke bangon ciki, a wanke da lemon tsami. Abin da ke hana ta barci, in ji ta, shi ne kwalin da zai kwana ba wuta, da kuma kuɗin ƙanƙarar da ke cinye ribar yini. Uwargida ta tsaya ta danna cikin kifi uku da yatsa, ta shinshina, ta zaɓi biyu, aka daidaita a kan jaka ɗaya da rabi bayan doguwar jayayya.

Ita kuwa tsutsar jiya, autanmu ya saka ta a wata 'yar kwalbar magani da ruwan gishiri, ya tafi da ita makaranta don ya nuna wa malaminsu na kimiyya.